SANA'A SA'A: Idon Da Ya Dace Da Mai Ɗaukar Hoton Biki

A wannan fili namu na Sana'a Sa'a mun saba tattaunawa a kan hanyoyin neman abinci da 'yan'uwanmu ke bi a nan Parakou da Djougou da sauran zangunan ƙasar nan.

A wannan karo wasiƙa ce ta zo mini daga Djougou, garin da kakanninmu fataken goro ke kira Zugu. Wanda ya rubuto wani matashi ne mai ɗaukar hoton biki, ya kuma roƙi kada in ambaci sunansa, to na rufa masa asiri. Ya ce shekara uku ke nan yana aiki da wata kyamara da ya saya ta hannu, tare da ɗan idon nan da ake haɗo ta da shi tun daga kamfani, mai lamba 18-55. Da rana lafiya lau yake aikinsa. Amma kwanan baya aka ɗauke shi wani biki na gidan mutunci, da aka zo kai amarya da daddare sai wuta ta ɗauke, aka kunna fitilun caji, shi kuwa ya yi ta ɗauka abinsa. Da ya koma gida ya duba sai ya tarar hotunan duk sun yi dishi-dishi, fuskar amarya kamar an goge ta da tsumma. Uwar amarya ta hana shi cikon kuɗinsa, ta kuma ba duk mai kunnen ji labari. Bikin ƙanwar amaryar da aka riga aka yi masa alkawari, wani aka ba. Yanzu ya haɗa sefa jika 200, rabi guminsa, rabi kuma rance daga wansa mai sayar da kayan gyaran babur, yana tambaya wane ido zai saya da zai fid da shi kunya, tun da yake ba shi da halin sayen biyu.

To ɗana, na ji kukanka. Ni ma tun zamanin fim nake cikin wannan sana'a, na kuma sha irin wannan ɗaci. Zan ba ka amsa a fili don sauran 'yan'uwanka su amfana, domin na san ba kai kaɗai ba ne. A yau kowane ɗan biki da wayarsa a hannu, kafin amarya ta zauna hotonta ya zagaya WhatsApp. Abin da ya sa har yanzu ake kiranmu a biya mu shi ne mu fitar da abin da waya ta kasa, kuma babban wurin da take kasawa shi ne ɗaki mai duhu da mutane masu motsi. In mu ma muka kasa a nan, ai sai a ce me ya raba dambe da faɗa.

LAMBOBIN DA KE JIKIN IDO

Abin da nake kira ido shi ne gilashin nan da ake ɗaurawa a gaban kyamara, wanda masu Faransanci ke ce wa objectif, mutanen Nijeriya kuma su ce lens. Kowane ido yana da lambobi iri biyu rubuce a bakinsa, kuma duk wanda ya gane su babu dillalin da zai yi masa rufa-ido.

Na farko su ne na milimita, kamar 18-55 ko 24-70. Ƙaramar lamba tana nuna faɗin abin da idon zai kwaso, babbar kuma tana nuna yadda zai jawo na nesa ya matso. Idon da ke da lamba ɗaya tak, alal misali 50, ba ya jawowa, kai ne za ka matsa da ƙafarka. Mai lamba biyu shi ake kira zum, ka murɗa zobensa ya faɗaɗa ko ya jawo. Sai a 1959 ne kamfanin Voigtländer na Jamus ya fito da zum na farko na kyamarar hoto mai fim ɗin milimita 35, lambarsa 36-82, watau tun farkon fari irin wannan matsakaicin zum aka fara yi, don shi ne ya fi shiga hidimar yau da kullum.

Lamba ta biyu ita ce ta ƙofar haske, ana rubuta ta f/2.8 ko 1:2.8. A nan lissafin a juye yake, in lamba ta yi ƙanƙanta ƙofa ta yi faɗi. Dalili kuwa shi ne raba milimita ake yi da wannan lamba a sami faɗin ƙofar. Ido mai milimita 50 a kan f/2.8 ƙofarsa ta kusa milimita 18, a kan f/5.6 kuwa milimita 9 ce kawai. Taga in aka ninka tsawonta da faɗinta, hasken da ke shiga ninki huɗu yake yi. Saboda haka f/2.8 ya fi f/5.6 haske sau huɗu, ya fi f/4 sau biyu.

Yanzu ɗauko idonka ka duba. Za ka ga an rubuta 3.5-5.6. Ma'anarsa a kan 18 ƙofar tana f/3.5, amma da ka murɗa zuwa 55 don ka jawo fuskar amarya sai ta tsuke ta koma f/5.6. Da kyamara ta ga haske ya ragu sai ta rage saurin ƙiftawarta don ta tara abin da ya samu, ta sauko ɗaya bisa 30 na daƙiƙa ko ƙasa da haka. A cikin wannan ɗan lokaci amarya ta sunkuyar da kai, mai guɗa ta ɗaga hannu, hannunka kuma ya ɗan yi rawa. Ga asalin dishi-dishinka nan. Da idonka mai f/2.8 ne tun daga farkon zobe har ƙarshensa, da a wannan ɗakin da wannan fitilar kyamararka ta ƙifta kusan ɗaya bisa 125, wanda ya isa ya tsayar da mai tafiya a hankali da mai juya fuska. To, ka'ida ta farko ke nan: nemi zum mai lambar ƙofa guda ɗaya, 2.8.

BABBAN FARANTI DA ƘARAMI

A cikin kyamara, inda da ake shimfiɗa fim, yanzu akwai wani ɗan faranti mai kama haske. Na manyan kyamarori girmansa daidai da na fim, milimita 36 da 24. Na yawancin kyamarorin da ke hannun yaranmu ƙarami ne, ana kiransa APS-C, kuma tsakiyar abin da ido ya kawo kawai yake kamawa. Don haka in kana son ka san yadda ido zai yi aiki a kan ƙaramin faranti, sai ka ninka lambarsa da 1.6 in Canon ce, ko da 1.5 in Nikon ce ko Sony ko Fujifilm.

A nan ne da yawa ke faɗawa rami. Yaro ya ji ana cewa manyan masu hoton biki na duniya da 24-70 suke aiki, ko 28-75, sai ya ci bashi ya sayo ya ɗaura a kan ƙaramar kyamararsa. Lambar 28 a kanta ta koma 42 ko 45, ba ta da sauran faɗi. Idon da ke yi wa mai ƙaramin faranti aikin 24-70 shi ne 17-50 ko 17-55 ko 18-50. Kai ɗana, tun da idonka na yanzu 18-55 ne, kyamararka mai ƙaramin faranti ce, wannan layi ne naka.

WURARE UKU NA GWAJI

Kada mu tsaya kan lamba kawai, mu shiga gidan biki mu gani.

Wuri na farko ɗakin amarya. Ɗakunanmu na zango da wuya su wuce mita 3 ko 4, ga gado ga kabad ga jeren kwanuka. A ce ka jingina da bango, tsakaninka da amarya da ƙawayenta mita biyu da rabi. A kan 17 kyamararka za ta kwaso faɗin da ya haura mita 3, ƙawaye shida da ankonsu duk su shigo. A kan 28 kuwa kimanin mita 2 za ta kwaso, dole biyu su fita, kuma ka san wadda aka yanke a hoto ba ta yafewa.

Wuri na biyu wajen ɗaurin aure, ko a masallaci ko a ƙofar gida. Nan ba ka da ikon ka ce waliyyi ya maimaita, ba ka kuma ratsa dattawa kana taka tabarma. Kana tsaye a gefe, yanzu ka kwaso taron duka, yanzu ka jawo hannun da ke miƙa sadaki ko faifan goro da dabino. Babu lokacin cire ido a sa wani. Wannan shi ne amfanin zum. Bugu da ƙari, akwai malamai da dattawan da ba sa son a yi ta walƙa musu fitila a fuska ana addu'a, kuma da gaskiyarsu. Mai f/2.8 zai yi aikinsa shiru da hasken taga.

Wuri na uku hoton mutum ɗaya, amarya da lallenta, ko ango da babbar rigarsa, ko ɗalibin Jami'ar Parakou ranar da ya kare kundinsa, wanda tun da aka buɗe jami'ar a 2001 ya zama wata ƙofar samu ga masu hoto. A nan ka ja da baya kamar mita 2, ka murɗa zuwa 50, ka buɗe ƙofa 2.8. Fuska za ta fito tsaf, bayanta kuma ya narke, igiyar shanya da bokitin wanki su ɓace. Kada ka kuskura ka matsa dab da fuska a kan 17, domin abin da ya fi kusa da ido shi ke ƙara girma, sai hanci ya rinjayi fuska. Haka nan kada ka tsayar da uwar amarya a can gefen hoto a kan 17, gefe yana miƙe mutum ya ƙara masa faɗi.

Sai dai akwai gargaɗi. A kan 50 da f/2.8, a nisan mita 2, abin da ke fitowa sarai bai wuce taƙi ɗaya ba daga gaba zuwa baya. In dangi suka jeru sahu biyu ko uku, tilas ka tsuke ƙofa zuwa f/5.6 ko f/8, in ba haka ba na gaba su fito na baya su zama inuwa. Shi ya sa hoton dangi ake fitowa da shi tsakar gida tun rana ba ta faɗi ba.

KOWACE KYAMARA DA BAKINTA

Kafin ka fid da ko dala, san irin bakin kyamararka, domin ido ba ya hawa bakin da ba nasa ba. Canon ta fito da bakin EF a 1987, da EF-S na ƙaramin faranti a 2003, sannan RF a 2018. Nikon tana da bakin F tun 1959, da Z daga 2018. Sony tana da tsohon baki A da kuma E wanda ya fito a 2010. Kamfanonin Tamron da Sigma, su ma na Japan, suna ƙera ido iri ɗaya da baki daban-daban, don haka faɗin sunan ido bai isa ba, sai ka ce na wace kyamara.

Masu Nikon su ƙara lura. Ƙananan kyamarorinta na jerin D3000 da D5000 ba su da injin saiti a jikinsu, sai idon da ke da nasa injin ne zai saita kansa a kansu. Akwai fitowar farko ta Tamron 17-50 da 28-75 da ba su da injin, in ka ɗaura su da hannu za ka riƙa saitawa, a gidan biki kuwa wannan wahala ce. Masu Sony kuma su sani tsohon Tamron 17-50 da aka rubuta na Sony ne, na bakin A ne, ba ya hawa E sai da mahaɗi. Idon EF-S kuwa ba ya hawa manyan Canon irin su 5D da 6D.

WAƊANDA ALJIHU ZAI IYA

Tun da Canon da Nikon suka karkata ga kyamarori marasa madubi a 2018, masu hoton Turai da Amurka suna ta sayar da tsofaffin idanunsu, abin da ya zama gaba ta kai mu gobarar Titi. Ga waɗanda suka cancanci a nema.

Ga mai ƙaramin faranti da tsohon baki, akwai Tamron 17-50 f/2.8 na 2006, marar nauyi kuma mafi araha, sai dai injinsa yana da ɗan ƙara. Akwai ƙanensa na 2009 mai alamar VC. Akwai Sigma 17-50 f/2.8 na 2010 mai alamar OS. Sama da su a tsada akwai Canon 17-55 f/2.8 na 2006 da Nikon 17-55 f/2.8 na 2003, wanda yake da ƙwari amma da nauyi.

Waɗannan haruffa, VC da OS, da IS na Canon da VR na Nikon, duk abu ɗaya suke nufi, watau maganin rawar hannu. Yana da amfani in kana ɗaukar jere ko lefe ko amarya a zaune, yana kuma taimakon mai haɗawa da bidiyo. Amma rawar hannunka kawai yake tsayarwa, ba ya tsayar da mai taka rawa a fili. Kada dillali ya ce maka mai f/5.6 da wannan magani daidai yake da mai f/2.8.

Ga mai babban faranti, akwai Tamron 28-75 f/2.8 na 2003, nauyinsa kimanin rabin kilo, da Tamron 24-70 f/2.8 na 2012 mai VC. Akwai kuma Canon 24-105 f/4 na 2005 da Nikon 24-120 f/4 na 2010, waɗanda suka fi jawo nesa amma haskensu rabin na 2.8 ne. Wanda yawancin aikinsa da rana ne, kamar hawan Gani a Nikki ko a nan Djougou inda dawaki ba sa bari a matso, waɗannan sun fi masa.

Ga mai kyamara marar madubi, akwai Sigma 18-50 f/2.8 na 2021, giram 290 kacal, wanda ya fito a kan dalar Amurka 549, kuma tun 2024 ana samunsa da bakin RF na Canon. Akwai Tamron 17-70 f/2.8 mai VC. Masu babbar Sony kuma suna da Tamron 28-75 na 2018 da sabonsa na 2021.

Don ka ga inda tsada take, Canon 24-70 f/2.8 fitowa ta biyu, wanda ake yi wa kallon sarkin idanun biki, a 2012 ya fito a kan dalar Amurka 2,299, watau sama da miliyan ɗaya na sefa. Ido ne na ƙwarai, ba musu. Amma hoton da za a wanke a sa a albom ko a tura ta waya, da wuya uwar amarya ta bambanta nasa da na Sigma. Daidai ruwa daidai tsaki.

Wani kuma zai ba ka shawarar 18-200 ko 18-300, ya ce ido ɗaya ya gama komai. Duba lambar ƙofarsa, za ka ga ta kai 5.6 ko 6.3 a ƙarshe. Ciwon da ka gudo daga gare shi ke nan, har da ƙari.

SAYEN NA HANNU

Da jika 200 na hannu za ka saya, ko a Kwatano, ko a Legas ko Kano, ko ka aika wa ɗan'uwa a Faransa. In farashin da Yuro aka faɗa maka lissafin a tsaye yake, Yuro ɗaya sefa 655.957, don haka Yuro 300 ya kama jika 197 ba kaɗan, ban da kuɗin kawowa da na kwastan. A kasuwar kayan hannu ta Turai, Tamron da Sigma 17-50 sau da yawa ba sa kai wannan. In da naira ne, tambayi canjin ranar, domin tun da aka sake ta a watan Yuni na 2023 ba ta zama wuri ɗaya.

Bari in ba ka labarin kaina. Bayan karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994, lokacin da kayan waje suka yi tashin gwauron zabo har fim ya nemi ya gagare mu, na ci karo da wani ido a hannun wani ɗan kasuwa a kudu, a kan kuɗin da ya yi araha ƙwarai. Na leƙa na ga gilashi na ƙyalli, na biya ina murna. Da na dawo Parakou na ɗauki wani suna da shi, aka wanko hotuna sai na ga kamar an ɗauke su cikin hazon hunturu. Wani tsohon mai gyara ya ɗaga shi saitin rana ya nuna mini wasu zare-zare kamar saƙar gizo a can ciki. Fumfuna ce ta cinye gilashin. Kuɗina suka tafi, mai suna kuma na sake masa hoton jariri kyauta bayan kwana arba'in. Tun ranar na yarda araha ba ta ado.

Saboda haka kada ka sayi idon da ba ka ɗaura a kan kyamararka ba. Je da ita da batir cike. Cire murfin gaba da na baya, ka haska fitilar waya ta baya ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba ta hana komai, amma zare-zare ko hazo ko tabon ruwa, ajiye musu kayansu. Murɗa zoben zum daga farko zuwa ƙarshe, ka ji ko yana cijewa ko yana ƙarar yashi. Duba bakin ƙarfe da 'yan ƙusoshinsa, in sun sha sukuddireba an taɓa buɗe shi. Duba gefen gaba, in ya lotsa ya taɓa faɗuwa. Sannan ka manna jarida a bango, ka tsaya daidai gabanta, ka ɗauka a kan 2.8, a 17 da kuma a 50, ka faɗaɗa hoton ka duba kusurwa huɗu. In gefe ɗaya ya fito ɗaya ya dushe, gilashin ciki ya goce. Daga nan sa wani ya tsaya, ka saita a kan ƙwayar idonsa sau biyar, ka ga ko ido ne ke fitowa ko kunne. A ƙarshe shiga wuri mai duhu ka ji ko yana kama saiti da wuri ko yana ta kai da kawowa. Mai kaya in ya hana ka gwaji, ya riga ya faɗa maka gaskiya. In kuma aike za ka yi, aiki wanda ya san hoto, ku yi sharaɗin mayarwa.

ƘURA DA LAIMA

Ƙasarmu tana da maƙiyan ido guda biyu. Da hunturu ƙura, zum kuwa duk sanda ya miƙe ya koma iska yake zuƙa da abin da ke cikinta. Kada ka canza ido a tsakar gida ana shara ko a bakin hanya, kada kuma ka goge gilashi da bakin riga, domin ƙurar hunturu tana karce shi. Fara hure ta da 'yar robar hura iska, sannan ka goge da ƙyalle mai laushi. Da damina kuma laima, ita ke haifar da fumfuna. Kada ka bar kyamara cikin jaka a ƙarƙashin gado mako guda. Samu roba mai murfi mai kamawa, ka zuba 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi da na magani, ka riƙa shanya su. In za ka hau babur daga wannan biki zuwa wancan, rataya jakar a jikinka, kada ka ɗaure ta a baya tana shan gargada. Kuma kada ka raina hular ido, wannan robar da ake ɗaurawa a gaba, tana tare hasken gefe tana kuma karɓar duka a cikin turmutsutsu.

HUKUNCI

To ɗana, ga shawarata a taƙaice. Nemi Sigma 17-50 f/2.8 mai OS na bakin kyamararka. In bai samu ba, ko ya fi ƙarfin kuɗin, ɗauki Tamron 17-50 f/2.8. Kada ka zuba jika 200 duka a kan ido. Abin da ya rage ka sayi fitilar kan kyamara mai juya kai, wadda za ka harba silin ko farin bango haske ya dawo a tausashe, da batir na biyu da katin ajiya na biyu. Ko f/2.8 yana da iyaka, in ɗaki ya yi duhu ƙirin sai da fitila. In Allah Ya buɗa nan gaba, ƙara da ɗan ido mai lamba 50 f/1.8, wanda yana cikin mafi araha a wajen Canon da Nikon, kuma haskensa ya ninka na 2.8 fiye da sau biyu. Tsohon 18-55 kuma kada ka sayar, bar shi a jaka don ranar tsautsayi.

Game da rancen wanka, zauna ka yi lissafi tun yanzu. Ware wani abu daga kowane biki, ka faɗa masa watan da za ka gama biya. Saya tun kafin cunkoson aure na gabanin azumi da na bayan Babbar Salla, ka yi mako biyu kana gwaji a ɗakinku da daddare da ƙannenka, don kada ranar biki ta zama ranar koyo.

Kada kuma ka ɗauka ido ne kaɗai sana'a. Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, yawancin hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su da hasken rana da zane a rataye a baya. Malick Sidibé, da ya yi ta bin bukukuwan matasan Bamako da daddare, har ya sami babbar lambar yabo ta Zinariyar Zaki a birnin Venice na Italiya a 2007. Sunansu bai fito ta hanyar zum ba. Abin da suka iya shi ne sanin inda haske yake da kuma sa mutum ya saki jiki a gabansu. Kai ma koyi isa gidan biki da wuri, ka leƙa ɗakin amarya tun da rana, ka san inda taga take da inda za ka tsaya in wuta ta ɗauke.

Sauran magana ita ce ta uwar amarya. Zaɓi abin da ya fito daga cikin hotunan rana, ka wanke biyu manya ka sa a firam, ka samu wata dattijuwa a danginku ta raka ka ku kai mata, ka ba ta haƙuri, ka bar maganar cikon kuɗi. In sabon ido ya zo, nemi izinin ango ka sake ɗaukar su shi da amaryarsa kyauta. Zangonmu ƙarami ne, bakin da ya ɓata ka shi ne zai iya gyara ka.

Mai tambaya a kan sana'arsa, ko tela ko makaniki ko mai sayar da fura, ya rubuto ta ofishin wannan mujalla, da Hausa ko da Faransanci. A wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda mai hoto zai yanka kuɗin aikinsa da abin da ya kamata ya karɓa kafin ranar biki.